Ranar da Na Mayar da Ɗan Acaɓa

Me ya yi niyyar faɗa wa yaran makarantar nan? Shekara biyu ke nan da muka binne maigidana, har yau ban sani ba. Na tambayi 'yarmu, ba ta sani ba. Na tambayi fasto, ya ce bai taɓa buɗe masa wannan maganar ba. Mutum ɗaya ne ya sani, ni ce kuma na je na tsaya a bakin hanya na hana shi faɗa.

Ban yi makaranta ba. Wata daga cikin matan zumuntar majami'armu ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata idan kuka ya zo min kada ta ajiye biro, ta jira kawai, yana wucewa.

Lokacin da ya aure ni lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ni kuma ina sayar da dafaffiyar masara da gyaɗa a bakin dogo. Ba mu cika shekara biyu da aure ba ƙasa ta rikice. Na ga jiragen da suka nufi Gabas cike da Ibo, har bisa rufi, mata suna miƙo kwano ta taga suna roƙon ruwa. Daga baya jiragen sojoji suka fara wucewa. Samarin wajenmu da yawa sun shiga soja a lokacin, shi ma ya bi su. Ban hana shi ba, domin a wancan zamanin mace ba ta hana irin wannan.

Ya dawo bayan an gama yaƙin basasa, ya rame, wuyansa kamar na wani mutum dabam. Muka tafi ƙauyensu a gindin dutse domin dangi su gan shi. Babansa ya riga ya mutu, ƙanen babansa ne yake riƙe da gida. Mu an yi mana baftisma, shi kuwa tsohon bai taɓa taka majami'a ba. Da muka iso ƙofar gida sai ya fito ya tare hanya da sanda, ya ce wanda ya dawo daga inda aka zubar da jini ba ya shiga cikin mata da yara haka nan.

Kwana uku maigidana ya yi a wata bukka bayan gida, ana kai masa abinci a ajiye daga nesa. A rana ta uku aka aske masa kai, aka kai shi bakin rafi, aka ce ni in riƙe ƙwarya. Tsohon ya murje wasu ganye a cikin ruwan, ya wanke shi tun daga kai har tafin ƙafa, ya sa na tona ɗan rami da hannuna na juye sauran ruwan a ciki na rufe. Sannan ya dube ni, ba shi ba, ya yi magana da yarenmu.

"Abin da ya gani ya bi ruwan nan ya shiga ƙasa. Ranar da ya tono shi da bakinsa zai dawo, kuma ba a kansa zai sauka ba, a kan 'ya'yanki zai sauka. Ke ce matarsa. Ke za ki tsare bakinsa."

Ban haifi ko ɗaya ba tukuna. Amma tun daga ranar nake ɗauke da maganar nan kamar ciki.

Na kuwa tsare. Idan tsofaffin sojoji suka taru a gindin ɗorawa suka fara hirar daji, sai in aika a ce masa akuya ta tsinke igiya. Idan rediyo ya kama maganar yaƙi, sai in murɗa. Idan yaranmu suka tambaye shi tabon da ke cinyarsa, ni nake amsawa, in ce waya ce ta yanke shi. Ya gane abin da nake yi tun da wuri, bai kuma taɓa yin faɗa ba. Sai dai ya sa min suna Kwamanda. Ni kuma ina kiransa Kofur, ko da yake ya ce ya wuce wannan muƙamin kafin a sallame su. Ya zama dattijon ikilisiya, muka koma noman citta a bayan gari, muka haifi biyar, duka suka rayu. A zuciyata nakan ce aikina ne.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda duk wanda ya zauna a garinmu ya san shi. Na ga kasuwa tana ci da wuta. Sau biyu muka gudu da yara da abin da hannu ya iya ɗauka. Kowane rikici, idan ka bi sawunsa, magana ce wani ya faɗa a gaban jama'a, wani ya ɗauka ya kai wani wuri. Mai shagon da nake sayen buhunan zuba citta a wajensa, Bahaushe ne, kakansa ma a garin aka haife shi. Ranar lafiya yakan tsokane ni ya ce Mama ta zo da ciniki mai tsauri. Ranar da gari ya ɗau zafi, ni da shi ba ma iya haɗa ido a hanya. Na san yadda abin yake saurin juyawa.

Autarmu ce ta zama malamar tarihi a wata makarantar sakandare a cikin gari. Wata Lahadi bayan sujada ta zo gida, muna cin faten acca a tsakar gida, tana ta ƙorafin aikinta. Ta ce an daɗe ba a koyar da tarihi, yanzu an dawo da shi, amma littafin da aka ba su ya gama da yaƙin a shafi ɗaya da rabi. Ta ce wani yaro ya tambaye ta ko a ƙasar nan aka yi shi. A ajinta akwai yaranmu, akwai yaran Hausawan kasuwa, akwai yaran Ibo masu sayar da kayan mota, benci ɗaya suke zama, kowa da abin da aka faɗa masa a gida ko kuma ba a faɗa masa komai ba. Sai ta juya wajen babanta ta ce shugaban makaranta ya yarda a kawo wanda ya je da ƙafarsa ya yi wa yaran magana.

Na yi dariya na ce babanta ya manta da komai, ko inda ya ajiye hularsa ba ya tunawa. Ina jira ya taya ni dariyar. Sai ya ajiye cokali ya tambaye ta wace rana. Ta ce Alhamis ta sama. Ya ce zai je.

Washegari a gona na tare shi. Muna cire ciyawa a cikin citta, gwiwarsa ba ta barinsa ya sunkuya sosai, yana zaune a kan ƙaramar kujera yana ja da hannu. Na tuna masa bakin rafi.

"Kwamanda," ya ce, "shekara nawa kina jan waƙa a zumunta, har yanzu ƙwaryar tsoho kike tsoro?"

Na ce masa ina tsoron Allah, ina kuma tsoron ƙwaryar, ba zan yi ƙarya ba. Na ce ko da babu ƙwarya, ya san garin da muke. Yaro ɗaya ya isa ya koma gida ya ce wani tsohon soja ya ce kaza game da mutanensu, kafin yamma an rufe shaguna. Na ce jikokinmu a garin nan suke. Ya ce ya sani. Ya ce cikin waɗanda suka hau jirgi tare zuwa yaƙi saura su biyu, ɗayan ma kunnensa ya toshe, idan an gaishe shi sai ya ce ya ci abinci. Ya ce jinin Yesu ya fi ganyen ƙanen babansa ƙarfi, kuma akwai abin da mutum bai kamata ya tafi da shi kabari ba.

Na tambaye shi, to me zai ce musu.

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa, ya nuna min kunyar da ke gefensa. "Zauna in fara da ke."

Ban zauna ba. Na toshe kunnuwana da hannu biyu kamar ƙaramar yarinya, na bar fartanyata a nan, na kama hanyar gida. Wannan ne kaɗai karon da ya miƙo min maganar a duk zamanmu, na kuwa gudu.

Kwanakin da suka rage ya yi su yana shiri. Ya iya rubutu kaɗan, amma bai rubuta komai ba. Da safe yakan zauna a gindin mangwaro, leɓunansa suna motsi, wani lokaci ya ɗaga yatsa kamar yana gyara wa wani kuskure. Ya je aka yi masa aski. Ya sa na wanke masa kwat ɗinsa ta zuwa sujada, na wanke, na goge, hannuna yana yi zuciyata tana wani wuri. Na ce ko zai sa lambobinsa na soja, don in ji inda ya nufa. Ya ce a'a, ba fareti zai je ba. Wannan amsar ta ƙara tsorata ni. Da lambobin zai sa, da na ce labarin jarumta zai ba su.

Gidanmu yana da ɗan nisa da kwalta, shi kuma ba ya iya doguwar tafiya. 'Yarmu ta shirya da wani ɗan acaɓa, magidanci ɗan majami'armu, ya zo ya ɗauke shi ƙarfe tara. Ranar Alhamis tun da sassafe ya yi wanka. Yana banɗaki na ɗauki wayarsa. Ban iya kashe ta ba, sai na cusa ta can cikin buhun dauro a ɗakin ajiya. Na ɗauki roba na zuba masara, na ce masa zan kai niƙa. Ya ce in yi sauri in ga tafiyarsa.

Na tsaya a inda hanyarmu ta haɗu da kwalta, robar a kaina. Ɗan acaɓan ya iso yana murmushi tun daga nesa, ya tsaya ya gaishe ni.

"Mama, yau Baba zai zama farfesa. Na wanke masa mashin har da taya."

Na ce masa Baba ya tashi da amai da zazzaɓi tun asuba, ba zai iya fita ba, ya koma ya gaya wa Malama. Fuskarsa ta canza nan take. Ya ce to ya shiga ya kai shi asibiti mana. Na ce mun ba shi magani, barci ya ɗauke shi, kada ƙarar mashin ta tashe shi. Mutumin nan ya cire hularsa a bakin titi ya yi wa maigidana addu'ar samun sauƙi, ni kuma na ce amin. Ya juya ya tafi. Har yau idan na gan shi a majami'a nakan sauya layi.

Ban kai niƙan ba. Na koma na same shi zaune a benci a ƙofar gida, da kwat, da hula, takalmi yana ƙyalli, sandarsa a kwance bisa gwiwa. Ya tambaya ko na ga mai mashin a hanya, na ce ban gani ba. Duk mashin ɗin da ya wuce a kwalta sai ya ɗaga kai ya gyara kwala. Can ya laluba aljihu ya ce ina wayarsa. Na ce ban gani ba, na ma taya shi duba ƙarƙashin katifa.

Sai wayar ta fara kuka a cikin buhu. Sautin ƙasa-ƙasa ne, amma ni ina jinsa kamar ƙararrawar majami'a. Na jawo turmi kusa da ƙofar ɗakin ajiya, na juye masarar nan a ciki na kama daka. Busasshiyar masara ce, ba ta bukatar daka, tana ta tsalle tana zubewa ƙasa, kaji suna tsinta. Duk lokacin da wayar ta sake kuka sai in ƙara ƙarfi. Ya leƙo ya ce Kwamanda yau da wa take faɗa. Na ce injin niƙa ne ya lalace.

Rana ta take tsaka yana zaune. Daga nan ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya cire, ya jera su gefen benci. Bai cire kwat ɗin ba. Na kawo masa abinci ya ce in rufe tukuna.

Bayan an tashi makaranta 'yarmu ta iso a kan wani mashin, da ledar magani da lemu a hannu, tana shigowa tana tambaya ina Baba. Ta gan shi zaune garau. Shi ya dube ta, ita ta dube shi, sannan su biyu suka juyo gare ni. Na shiga ɗakin ajiya na zaro wayar, dauro yana zuba daga jikinta, na ajiye a kan benci.

'Yar nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ta ce aji uku aka tara, yara suka share babban ɗakin taro, suka jera kujeru, malamai suka bar darasinsu. Ta ce ta tsaya a gabansu ta ce babanta ba shi da lafiya, suka yi masa addu'a, Kirista da Musulmi. Ta ce irin wannan rufe bakin ne ya sa kowane yaro yake girma da labarin gidansu kawai. Ta ce abubuwa da yawa, wasu gaskiya ne. Babanta ya bar ta ta yi nisa, sannan ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya ya ce kada ta ƙara yi wa uwarta tsawa a gidansa. Ya tambaye ta yaushe za a iya sake shiryawa. Ta ce jarrabawa ta matso, sai an dawo hutun Kirsimati.

Ashe yaran sun rubuta tambayoyinsu a 'yan takardu, suna cikin jakarta. Ya ce ta karanta masa. Ina tsaye a ƙofar kicin ina ji. Wani ya tambaya me suke ci a daji. Wani ya tambaya ko bindiga tana da nauyi. Wani ya tambaya ko an biya su. Wata yarinya ta rubuta, ko akwai fuskar da yake tunawa har yanzu. Ya sa ta maimaita wannan. Ya ce yarinyar nan ta iya tambaya. Ya tashi ya shiga ɗaki ya cire kwat.

Bai taɓa tayar min da maganar ba bayan haka. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yana cin abincina, yana gode min, muna zuwa gona tare. Abu ɗaya ne ya canza, ya daina ce min Kwamanda. Sai Mama, kamar yadda yara suke kirana.

Zan faɗi abin da ban faɗa wa fasto ba. Ban tuba a lokacin ba. Ina ta tunanin yadda zan hana na bayan Kirsimati, na kuma san dabarar ɗan acaɓa ba za ta sake ci ba. Sai na koma ga addu'a. Kowace safiya nakan durƙusa in ce, Ubangiji, ka san hanyoyin da ban sani ba, ka rufe wannan maganar. Haka nake cewa, ka rufe ta.

Lokacin tonon citta ya zo. Muna zaune a tsakar gida muna tsaga ta don shanya, shi da wuƙarsa ni da tawa, sai na ga wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya dube ta kamar bai san ta ba. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, ya buɗe zai kira ni, abin da ya fito ba magana ba ne. A asibiti suka ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hawan jini ne, ya daɗe da shi. Likita ya yi bayani sosai, yarana suka gamsu. Ni ina zaune a ƙasa bakin gado ina tuna kalmar da na yi ta roƙo da ita.

Muka dawo da shi gida. Yana gane kowa, yana ji, idonsa yana nan yadda yake, harshen ne ya ƙi. 'Yarmu ta zo da wayarta ta ajiye kusa da bakinsa, ta ce Baba ya faɗa a hankali, ko kalma ɗaya-ɗaya ce, za ta kai wa yaran. Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa. Ta saurari abin da ta ɗauka sau da yawa, ba ta tsinci komai ba. Ta fita bayan gida ta yi kukanta. Bayan ta tafi na jawo kujera na ce masa ga ni, na zauna, ya fara da ni. Ya dube ni kawai. Ranar ce na faɗa masa komai da bakina, abin da na ce wa ɗan acaɓa, da dalilin daka, da addu'ar. Ya rufe ido, ban san ko ya ji duka ba.

Yarana biyar suna nan lafiya, jikoki ma haka. Ba zan iya cewa don na tsare bakinsa ne ba, ba kuma zan iya cewa ba don haka ba ne. Tsoron dai bai tafi ba, wuri ya sauya. Yanzu ina tsoron ko sunan wani ne yake ɗauke da shi, ko wurin da aka binne wani da uwarsa ta mutu tana jira. Idan na shiga shagon Ibo sayen wani abu na ga tsohuwa zaune a ciki, sai in kasa duban ta. Ina tsoron ko ya isa gaban Ubangiji da kayan da ya so ya sauke na hana shi. Idan gari ya ɗau zafi na ga samari suna gudu da sanduna, nakan ce wataƙila ɗaya daga cikinsu yana cikin ɗakin taron nan ranar Alhamis, yana jiran tsohon da bai zo ba. Ban san ko maganarsa za ta riƙe hannun wani ba, ko kuwa ita ce za ta kunna wutar. Ban sani ba, kuma ni na sa ba wanda zai sani.

Ya rasu da la'asar, ranar wata Asabar, yaransa uku suna ɗakin. Bai yi magana da kowa ba. Amma da hantsin ranar, ni da shi ne kawai, na jingina shi da filo ina ba shi kunu da cokali. Ya kawar da kai daga cokalin, ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya matse. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da nauyi, amma na ji kowacce.

"Na san tsoro kika ji. Ni ma tsoro nake ji ranar. Amma da na je."